Wadda Za Ta Tsaya wa Inna Tamu

Margaret Ladi Maiwada, an haife ta ranar Lahadi, 16 ga watan Agusta, 1964, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Zuru. Mahaifinta manomin dawa ne, kuma shi ne mai buga ƙarfen da aka rataye a bishiya domin kiran jama'a addu'a, tun zamanin da cocin ƙauyen rumfar kara ce. Ita kaɗai ce a ɗakinsu ta wuce firamare. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ta aiki a shekarar 1989, aka turo ta Jega. Tun daga lokacin ba ta fita daga wannan yanki ba: a kai ta Aliero, a mayar da ita Jega, a tura ta Maiyama, a sake dawo da ita. Awon masu ciki da allurar yara su ne aikinta, saboda haka da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa yin sallama a cikinta ba. A Jega ta auri wani malamin makaranta mai suna John, suka haifi 'ya'ya biyu. Ya rasu a shekarar 2009, 'ya'yan kuma suka girma, aiki ya kai su wasu jihohi.

Koyar da addini kuwa ba ita ta nema ba. Mabiya Katolika a wannan yanki baƙi ne: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, 'yan sanda, da masu sana'ar hannu. A shekarar 1998 aka yi wa katikis ɗinsu, wato mai koyar da masu shirin shiga ikilisiya, canjin wurin aiki. Fada, limamin cocin, ya roƙi Margaret ta riƙe ajin yara kafin a samo wani. Ba a samo ba. Daga baya aka tura ta ta sami horo, ta dawo ta haɗa da ajin manya, kuma tun daga ranar kowa ke kiranta Malama.

Tsarinta a bayyane yake. Yara ranar Asabar da safe, manya ranar Lahadi bayan an tashi daga Mas, wato babbar sujadar coci. Aliero da Maiyama kuwa tana bin su a tsakiyar mako, idan ta tashi daga aiki. Babba shekara biyu yake yi yana koyo kafin ta kai shi gaban Fada a yi masa baftisma a lokacin Ista, kuma ba ta taɓa rage wa kowa ba, ko da shi ne shugaban ofishinsu. A Aliero, idan lokacin cire albasa ya yi, masu koyo sukan zo mata a gajiye, suna warin albasa, suna gyangyaɗi. Ba ta yi musu faɗa. Sai ta sa a tashi tsaye a rera addu'o'in da waƙa har barci ya sake su. Hadda kaɗai ba ta isar mata. Takan tambayi yaro, "Wane ne ya halicce ka?" Ya ce, "Allah ne." Ta ce, "Madalla. To, wane ne ya tsame naman da ke tukunyar mamarka jiya?" Idan ya sunkuyar da kai, sai ta ce, "Daga nan karatunmu zai fara."

Inda ta fi tsanani shi ne zaɓen wanda zai tsaya wa mutum ranar baftisma, wanda ake kira uban baftisma ko uwar baftisma. Ta lura cewa mutane sun fi son su zaɓi mai mota, ko matar wani babba, domin hoton ya yi kyau. Saboda haka kowace shekara takan maimaita magana ɗaya, da kalmomin da ba ta sauyawa: "Wanda zai tsaya maka ba ɗan hoto ba ne. Mutum ne da ya san halinka, wanda zai iya tsawata maka idan ka karkace, wanda idan ka kwanta ciwo zai zo, idan ka mutu kuma yana wurin."

A shekarar 2022 wata tsohuwa mai suna Tamu ta shiga ajin Maiyama. Bakambariya ce daga ƙasar Yawuri, ta haura shekara saba'in, kuma duk rayuwarta addinin kakanninta take bi. Ɗanta Bulus mai gyaran injin ban ruwa ne. Ya daɗe da zama Katolika, ya gina gida a Maiyama, ya ɗauko ta bayan rasuwar mahaifinsa. Ba shi ya ce ta shiga ajin ba. Ita ce wata rana ta ɗauki 'yar kujerarta ta bi jikokinta, ta zauna a bayansu, ta ce wa Margaret, "Malama, ni ma a ba ni abin da ake ba waɗannan." Hadda tana yi mata wuya, Hausarta kuma a tsinke take, amma ba ta taɓa fashi ba.

Dalilin rashin fashin nata yana bayan katangarsu. Maƙwabciyarsu Iyatu, matar Malam Dalhatu manomi, sa'arta ce, kuma tun zuwan Tamu garin suka ƙulla ƙawance. Tare suke tsinke zogale, tare suke gulmar surukai. Iyatu Musulma ce, iyayenta da kakanninta duk a Maiyama aka binne su. Ita ce ke leƙo kai ta katanga ranar karatu ta ce, "Tamu, tashi, Malamarku ta iso, kada ki sa a ce maƙwabciyata ad daƙiƙiyar aji." Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Tamu a daminar farko, Iyatu ce ta riƙa dama mata kunu tana gasa mata jiki.

A farkon azumin da ke gabatar da Ista na shekarar 2024, Margaret ta tara manyan da suka cika shekara biyu, ta ce kowa ya faɗi wanda zai tsaya masa. Da aka zo kan Tamu, ba ta yi wata-wata ba.

"Iyatu," in ji ta.

Ajin ya fashe da dariya. Margaret ta ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Inna Tamu, wace Iyatun?"

"Iyatu nawa muke da su? Matar Malam Dalhatu."

"Inna, ai Musulma ce. Dokar ikilisiya ita ce wadda za ta tsaya miki ta kasance 'yar Katolika, wadda aka yi wa baftisma da hidimar ƙarfafa bangaskiya, tana kuma karɓar tsattsarkar gurasa ta Jibin Ubangiji."

"Malama, ba haka kika koya mana ba. Kin ce wadda ta san halina. Kin ce wadda za ta tsawata mini. Kin ce wadda za ta zo idan na kwanta, tana wurin idan na mutu. Na duba garin nan kaf, mutum ɗaya na gani."

Margaret ta gane cewa tsohuwar ba kuskuren ji ta yi ba. Ta ji sarai, ta auna kowa da ma'aunin da aka ba ta. Sharaɗin zama Katolika ne Malamar ba ta taɓa furtawa ba, domin a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa zaton akwai buƙatar furta shi ba.

Ta fara kawo mata sunaye. Ta ambaci Vivian, wata malamar sakandare mai natsuwa da ke jagorantar waƙa a coci. Tamu ta ce, "Yarinyar kirki ce. Amma ta gwamnati ce. Tun zuwana garin nan malamai nawa aka kawo aka kwashe? Gobe takarda za ta zo, a ce Vivian ta koma Argungu." Ta ambaci matar wani ɗan sanda. Tamu ta ce waɗannan ko labule ba su gama ratayawa ake ɗaga su. Ta ambaci matar Bulus. Tamu ta riƙe baki. "Surukata? Wadda ba ta iya haɗa ido da ni? Ita ce za ta tsawata mini?"

Bulus ya ji labari, ransa ya ɓaci. Ya tarar da Margaret a bakin titi tana jiran mota, hannuwansa duk baƙin mai.

"Malama, ki rubuta Vivian kawai. Ranar sai mu kai ta, idan ta ga jama'a ba za ta yi gardama ba."

"Bulus, baftisma ba allurar rigakafi ba ce, da za a riƙe mutum a tsira masa. Mahaifiyarka shekara biyu ta yi tana zuwa da ƙafarta. Da ƙafarta za ta ƙarasa."

"To idan ta ƙi fa?"

"Ba ta ƙi baftisma ba. Mutum take nema."

Da ta kai wa Fada maganar, ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, sannan ya ce dokar ba tasa ba ce balle ya sassauta ta. Idan ba a sami mai tsayawa ba kafin Lahadin ganyen dabino, mako guda kafin Ista, sai Tamu ta jira Istar baɗi. Ya ƙara da cewa idan ciwo ya tsananta kafin lokacin, ana iya yi mata baftisma a kan gado. Margaret ta isar da wannan saƙo kamar yadda aka ba ta. Tamu ta ce ita ba ta yi shekara biyu tana ɗaukar kujera domin a zuba mata ruwa tana kwance ba; a tsaye take so, cikin jama'a, da farin zane. Amma idan ba Iyatu, to a bari. Margaret ma'aikaciyar lafiya ce. Ta ga yadda ƙafafun tsohuwar suka fara kumbura, ta ji yadda numfashinta ke sarƙewa idan ta yi 'yar tafiya. Ba ta da tabbacin cewa baɗi Tamu za ta iya tsayuwar da take so.

A wannan shekara azumin Musulmi ya shigo cikin na Kirista. Wata ranar Laraba da la'asar, maimakon ta wuce ɗakin da ake karatu, Margaret ta biya gidan Bulus, ta kama hannun Tamu, ta ce su shiga maƙwabta. Suka gaisa da Malam Dalhatu a ƙofar gida yana gyaran buhunan albasa, ya ce su shiga. Suka tarar da Iyatu a tsakar gida tana tace gasarar kunun buɗa-baki.

"Lale, lale, Malama!" in ji Iyatu. "Ko allura kinka zo yi muna da azumi a baki?"

"A'a, Inna Iyatu, yau ba allura. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa? In wagga tsohuwa ta, na san ba ta da gaskiya tun ba a hwaɗi ba."

Aka shimfiɗa tabarma. Bayan gaisuwa da tambayar azumi, Margaret ta yi bayani dalla-dalla: mene ne baftisma, mene ne aikin mai tsayawa, da alkawarin da take ɗauka a gaban Fada cewa za ta taimaki wadda aka yi wa baftisma ta riƙe bangaskiyar Kirista. Sannan ta ce Tamu ta zaɓe ta, ta kuma rantse ba za ta karɓi kowa ba sai ita.

Iyatu ta ajiye rariya. Ashe ba a taɓa gaya mata ba.

"Mi? Ni? Cikin coci?" Ta juya ga ƙawarta. "Ke Tamu, kanki ɗaya kuwa? Ni da nika salla biyar, in tahi in tsaya gaban Fada in ce mishi mi?"

"Ki ce kin san ni," in ji Tamu.

"Na san ki mana! Na san ki da rowar gishiri, na san ki da taurin kai. Wanga ko a kasuwa sai in hwaɗe shi, ba sai an kai ni coci ba."

Margaret ta yi dariya, amma Tamu ba ta yi ba. Idanunta sun kawo ruwa.

"Su duka tafiya suke yi, Iyatu. Ke ce ba ki tafiya."

Iyatu ta goge hannunta da gefen zane, ta matso kusa da ita.

"Ji nan, uwar Bulus. Kunu nawa na. Ruwan zahi nawa na. Jinya, in Allah ya kawo ta, ba mai riga ni. Ranar da kinka mutu, in ina da rai, ni ka hwara shiga gidanku. Wanga ba sai na yi alkawali gaban kowa ba. Amma in kin ɓace hanyar addininku, ni ban san ta ba, balle in maishe ki bisa. Ki nemi wadda ta san hanyar."

"Babu ita."

"Babu ita?" Iyatu ta nuna Margaret da leɓe. "Wagga da ke zaune hwa, itace ta? Malama, mi ah hana ki tsaya mata? Tun ina da cikin Bushira nika ganinki yankin ga, ga Bushira yau da ɗiyanta huɗu."

Margaret tana da ƙa'idar da ta kafa wa kanta tun farkon koyarwarta: ba ta tsaya wa ɗalibinta. Ɗaruruwa sun bi ta hannunta, kuma ta san idan ta tsaya wa ɗaya, sauran za su ce an fifita shi. Ta kuma san nauyin alkawarin, tunda ita ke koyar da shi. Ta buɗe baki za ta faɗi wannan, sai Tamu ta riga ta.

"Ita ma ta gwamnati ce. An ce bana za ta ajiye aiki. Duk wanda ya ajiye aiki, gida yake komawa. Za ta tafi Zuru ta bar ni da hoto."

Gaskiya ne, shekarunta talatin da biyar na aiki suna cika bayan Ista da kaɗan. Tsofaffin biyu suka zuba mata ido. Margaret ta dubi kumburarrun ƙafafun Tamu a kan tabarma, ta daɗe tana dubansu. Da ta ɗago, muryarta irin ta aji ce, ba rawa a cikinta.

"Inna Tamu, zan tsaya miki. Kuma ina nan."

"Har yaushe?"

"Har yadda na koya muku."

"To, ni ash shaida," in ji Iyatu. "In ta gudu, har Zuru nika bin ta da muciya. Ku tashi ku ba ni wuri, rana ta kusa hwaɗuwa, kunu bai dahu ba."

Ranar Asabar ta jajibirin Ista, Iyatu ce ta wanke farin zanen Tamu, ta goge shi da dutsen guga na gawayi, ta ɗaura mata kallabi, ta rako ta har bakin titi inda motar da za ta kai su Jega take jira. A nan ta tsaya. An yi hidimar da yamma, tun da sauran haske. Da Fada ya tambayi masu shirin ko sun ƙi Shaiɗan da ayyukansa duka, muryar Tamu ta fi ta kowa ƙarfi, har yara suka waiwayo. Ta taka da ƙafarta zuwa wurin ruwan, hannun Margaret na dama a kan kafaɗarta, aka yi mata baftisma da suna Hannatu, ta karɓi Jibin Ubangiji a karo na farko. Washegari Bulus ya yanka akuya, ya kira Malam Dalhatu ya yi yankan domin maƙwabta su ci, aka aika wa gidan Iyatu cinya guda ta buɗa-baki. Da aka gaya wa Iyatu sabon sunan, ta ce su can su kira ta abin da suka ga dama, ita dai Tamu ta sani.

Bayan makonni kaɗan Margaret ta ajiye aiki. Abokan aikinta suka yi mata walima, kowa yana tambayarta ranar tafiya, domin ba su taɓa ganin wanda ya gama aiki ya zauna ba. Ta ce musu ruwan Jega ya karɓe ta. 'Ya'yanta suka yi waya suna ƙorafi, ta ce musu ajin bana ya fi na bara cika, babu wanda za ta bar wa. Ƙa'idarta kuwa ta koma yadda take; waɗanda suka zo daga baya suna roƙon ta tsaya musu, ta ce musu ɗaya ta ishe ta.

Har yanzu tana koyarwa. Yaran da ta fara da su a shekarar 1998 su ne ke kawo mata nasu 'ya'yan, kuma ta horar da Vivian ta riƙa taimaka mata da ajin Aliero, ko da yake ta san wata rana takarda za ta zo. Kowane mako tana shiga motar Maiyama, ko akwai karatu ko babu. Takan auna jinin Tamu, ta duba ƙafafun, su yi addu'ar carbi tare, tsohuwar tana tsallake rabin kalmomin. Ta tsawata mata sau da yawa: a kan shan magani, a kan gorin da take yi wa surukarta, da kuma ranar da ta ce ba za ta je ikirarin zunubi ba domin Fada yaro ne, bai isa ya ji sirrinta ba. Idan faɗan ya yi zafi, Iyatu takan leƙo ta katanga ta ce, "Ƙara mata, Malama, ita ta nema." Tamu ba ta iya zuwa Jega yanzu, Fada ne ke kai mata Jibin Ubangiji har ɗaki, Margaret tana riƙe da kyandir.

Akwai abu ɗaya da Margaret ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Fada, ko 'ya'yanta. A ranar Larabar da ta shiga gidan Iyatu, kayanta a ɗaure suke. Ta riga ta zuba tufafinta da littattafan mijinta a kwalaye, ta ɗinke tukwanenta a buhuna, ta jera su a ƙuryar ɗaki ta kulle, da niyyar idan an gama Ista ta sanar da Fada cewa wannan ne ajinta na ƙarshe, ta koma Zuru kusa da kabarin iyayenta. Da ta dawo daga Maiyama, ita kaɗai ta warware ɗinkin buhunan, ta mayar da kowace tukunya inda take a da.